BABI NA HUƊU: MATSALOLIN BURAUZA WAJEN ZUBA RUBUTU A CIKIN FIRAM DA HANYOYIN MAGANCE SU

4.0 Shimfiɗa

A wannan babi an dubi wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu gina shafukan intanet tuwo a ƙwarya, wato yadda burauza kan rikice a lokacin da aka umarce ta da ta zuba sabon rubutu a cikin firam ɗin da ke maƙale a jikin shafi. A ido aikin ƙarami ne, domin bai wuce layi huɗu ko biyar na JavaScript ba. Amma sau da yawa akan wayi gari alamar lodi tana ta juyawa ta ƙi tsayawa, ko rubutun ya bayyana sannan ya ɓace kafin ƙiftawar ido, ko kuma mai karatu ya danna maɓallin komawa baya sau uku bai bar shafin ba. Idan aka yi la'akari da cewa ta wannan hanya ce shafuka da yawa ke nuna talla, da buga rasit, da samar da akwatin da ake rubuta wasiƙa a ciki, za a ga cewa kuskuren na iya jawo asarar kuɗi da ta rubutun da mutum ya ɓata lokaci yana yi. An yi ƙoƙarin bayyana musabbabin kowace matsala kafin a kawo maganinta, domin yawancin magungunan ba su da ma'ana ga wanda bai san abin da ke gudana a cikin burauza ba.

4.1 Ma'anar Firam da Asalinsa

Abin da ake nufi da firam a wannan nazari shi ne wani fili mai kusurwa huɗu da ake keɓewa a tsakiyar shafi, wanda ke ɗauke da wani shafin na daban mai cin gashin kansa. Da alamar iframe ake samar da shi a harshen HTML. Shafin da ke ɗauke da firam shi za a riƙa kira uwar shafi, abin da ke cikin firam ɗin kuma, wato tsarin rubutunsa kamar yadda burauza ta ajiye shi a ƙwaƙwalwarta, za a kira shi daftari.

Kamfanin Netscape ne ya fara kawo tsarin raba fuskar burauza gida-gida a Netscape Navigator 2, wadda kuma ita ce ta fara zuwa da harshen JavaScript da Brendan Eich ya ƙirƙira a shekarar 1995. Shi kuwa firam na tsakiyar shafi, kamfanin Microsoft ne ya fito da shi a Internet Explorer 3 cikin shekarar 1996, daga baya aka shigar da shi ƙa'idar HTML 4.0 a watan Disamba na 1997. Netscape 4 ba ta san shi ba sam, sai a Netscape 6 ta shekarar 2000 ya samu karɓuwa a wancan ɓangare. Abin lura a nan shi ne, ƙa'idojin wancan lokaci sun faɗi yadda ake rubuta alamar, amma ba su faɗi dalla-dalla abin da burauza za ta yi ba daga lokacin da aka kafa firam zuwa lokacin da ya gama loduwa. Saboda haka kowane kamfani ya cike giɓin da abin da ya ga ya dace. Daga nan ne kusan dukkan matsalolin da za a tattauna suka samo asali.

4.2 Buɗewa, Rubutawa da Rufewa

Tsohuwar hanyar zuba rubutu a firam tana da matakai uku, kamar haka:

var firam = document.createElement("iframe");
document.body.appendChild(firam);
var daftari = firam.contentWindow.document;
daftari.open();
daftari.write("<!DOCTYPE html><p>Barka da zuwa</p>");
daftari.close();

Domin fahimtar waɗannan layuka, ya kamata a san cewa a cikin kowace burauza akwai wani sashe da ke karɓar rubutun HTML harafi bayan harafi, yana rarrabe alama da zallar magana, yana ɗora kowane yanki a muhallinsa. Aikinsa ya yi kama da abin da ɗaliban nahawu ke kira li'irabin jimla, don haka za a kira shi sashen li'irabi. Idan shafi daga sabar yake zuwa, sashen li'irabi ya san inda rubutu ya ƙare, domin layin sadarwa ne zai sanar da shi cewa babu saura. Amma idan da umarnin open aka buɗe daftari, to babu wata sabar a bayansa. Umarnin open yana share duk abin da ke cikin daftarin, ya ta da sabon sashen li'irabi ya bar shi yana jira. Umarnin write yana miƙa masa rubutu. Umarnin close kuma shi ne ke gaya masa cewa an kai ƙarshe.

Layi na biyu yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Firam ɗin da aka ƙirƙira amma ba a maƙala shi a jikin shafi ba, ba shi da daftari, kuma duk wanda ya nemi contentWindow a wannan hali fanko zai samu. Haka kuma, idan aka ciro firam daga wani wuri a shafi aka mayar da shi wani wurin ta hanyar appendChild, burauza za ta rushe daftarinsa ta sake sabo, duk abin da aka rubuta a ciki ya tafi ke nan.

4.3 Alamar Lodi Mai Ƙin Tsayawa

Wannan ita ce matsalar da aka fi sani, kuma ita ce mafi sauƙin magani. Idan mai rubuta umarni ya kira write ya manta da close, rubutun zai bayyana lafiya, wanda hakan ne ma ke sa ba a gane kuskuren da wuri. Sai dai a wajen burauza daftarin yana nan a buɗe, tana sauraron ƙarin rubutu da ba zai taɓa zuwa ba. A Firefox an san wannan da sa alamar lodi ta yi ta juyawa har sai an rufe shafin. Bugu da ƙari, duk umarnin da ke cikin firam ɗin wanda ke jiran sanarwar load, wato sanarwar da burauza ke bayarwa cewa komai ya kammala, zai ci gaba da jira. Rasit ɗin da aka tsara a buga shi bayan wannan sanarwa ba zai taɓa isa na'urar buga takarda ba.

Maganin shi ne a tabbatar an kira close ko da wani kuskure ya auku a tsakiya, ta hanyar sanya shi a sashen finally na umarnin try. Akwai masu tsoron kiran close da wuri idan rubutun da aka zuba yana ɗauke da fayil ɗin JavaScript da za a ɗauko daga waje, suna ganin kamar za a rufe ƙofa kafin baƙo ya iso. A ƙa'idar HTML ta yanzu wannan tsoro ba shi da tushe. Umarnin close alama kawai yake sanyawa a ƙarshen rubutu. Idan sashen li'irabi ya tsaya yana jiran fayil, zai jira har ya zo, ya gudanar da shi, ya ƙarasa sauran rubutun, sannan ya tarar da alamar ƙarshe.

Wani ƙaramin tarko da ke da alaƙa da wannan shi ne rubuta alamar rufe script a cikin zancen da za a miƙa wa write, alhali umarnin kansa a cikin uwar shafi yake zaune. Sashen li'irabin uwar shafi ba ya la'akari da cewa alamar tana cikin zance ne, da ya gan ta sai ya yanke umarnin a nan. Shi ya sa ake rubuta ta da karkatacciyar sanda a gaba, wato <\/script>.

4.4 Shafin about:blank da Rikicinsa

A nan ne matsalar ta fi zurfi. Duk firam ɗin da aka maƙala a shafi, tun kafin ya ɗauko komai, burauza kan ba shi wani daftari na wucin gadi wanda babu komai a cikinsa, mai adireshin about:blank. Wannan daftari yana gadon tushen uwar shafi, shi ya sa ake iya taɓa shi da JavaScript ba tare da an karya dokar tushe ɗaya ba, dokar da tun zamanin Netscape ta hana shafin wani gida leƙa cikin shafin wani gida. Tambayar da burauzoji suka saɓa a kanta ita ce: idan ba a ba firam wani adireshi ba, me zai biyo bayan wannan daftari na farko?

A Chrome da Safari, daftarin farko shi ne na ƙarshe, kuma sanarwar load tana fita nan take, a cikin layin appendChild ɗin kansa, kafin a kai ga layi na gaba. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya maƙala firam sannan ya zo daga baya ya ɗaura umarnin da zai saurari load, ya makara, sanarwar ta riga ta wuce, kuma ba za a maimaita ta ba.

Firefox kuwa ta shafe shekaru da dama tana bin wata hanya daban. A waɗannan shekaru takan samar da daftarin farko nan take, sannan a bayan fage ta fara loda about:blank karo na biyu kamar yadda take loda kowane shafi, in ya kammala ta jefar da na farko ta ɗora na biyu a gurbinsa, sai a lokacin ta fitar da sanarwar load. Henri Sivonen, injiniyan Mozilla da ya rubuta sashen li'irabin HTML5 wanda ya fito a Firefox 4 cikin shekarar 2011, yana daga cikin waɗanda suka yi dogon bayani a kan wannan ɗabi'a da wahalar gyara ta. Illarta ga mai gina shafi ita ce tufka da warwara. Zai maƙala firam, ya zuba masa rubutu ta hanyar appendChild ko innerHTML, komai ya tafi daidai ba tare da wani saƙon kuskure ba, bayan ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba firam ya koma fari fat. Wanda ya gwada aikinsa a Chrome kaɗai ba zai taɓa ganin matsalar ba.

Ke nan, a burauza ɗaya laifin mutum shi ne makara, a ɗayar kuma laifinsa riga malam masallaci. Hanyar da ta dace da duka biyun ita ce a ɗaura mai sauraron load tun kafin a maƙala firam, kuma a yi dukkan rubutun a cikinsa:

var firam = document.createElement("iframe");
firam.onload = function () {
  firam.onload = null;
  var daftari = firam.contentDocument;
  daftari.open();
  daftari.write(rubutu);
  daftari.close();
};
document.body.appendChild(firam);

Ta haka, ko sanarwar ta fito nan take ko ta jinkirta, akwai mai jiran ta, kuma daftarin da za a samu a lokacin shi ne wanda zai dawwama. Layin da ke kwance onload yana da dalili. Rufe daftari da close yana iya haifar da wata sabuwar sanarwar load, wadda za ta sake kiran umarnin, shi kuma ya sake buɗewa ya rufe, a yi ta zagaye ba iyaka. Ƙa'idar HTML ta WHATWG ta tanadi wata tuta ta musamman da ke toshe wannan sanarwa ta biyu idan an kira open a tsakiyar ta farko, amma tutar ba ta kare wanda ya jinkirta rubutunsa da setTimeout, domin a lokacin da zai kira open sanarwar farko ta riga ta kammala. Don haka kwance mai sauraron ya fi aminci a kan dogaro da tutar.

Akwai wata hanya ta biyu da aka fi yawan gani a tsofaffin shafuka, wato kiran open da close nan take bayan maƙala firam, ko da babu abin da za a rubuta, sannan a ci gaba da aiki da appendChild. Da yawa daga masu amfani da ita sun gaje ta ne ba tare da sanin dalilin da ya sa take aiki ba. Dalilin shi ne umarnin open yana dakatar da duk wani lodi da ke kan hanya a wannan firam, don haka about:blank na biyu ba ya samun damar isowa. Hanya ce mai inganci, kuma tana da fa'idar cewa ba a jiran komai.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne jinkirta rubutu da wani adadi na lokaci, a ce a jira kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da fatan burauza ta gama. Wannan yana aiki a kwamfutar mai gina shafin, ya gaza a wayar da ke da ƙarancin ƙarfi ko wadda ayyuka suka yi wa yawa, kuma gazawar ba ta zuwa kullum balle a gano ta cikin sauƙi.

4.5 Ɗabi'un Internet Explorer

Microsoft ta daina tallafa wa Internet Explorer 11 a yawancin nau'o'in Windows 10 a ranar 15 ga Yuni, 2022, amma dabarun da aka ƙirƙira dominta suna nan birjik a cikin tsofaffin umarni, kuma wanda aka ba aikin gyara su yana buƙatar sanin abin da ya sa aka rubuta su kafin ya goge.

Ta farko ta shafi document.domain. A da, shafuka biyu da ke ƙarƙashin babban suna ɗaya kan rage sunan gidansu ta wannan umarni domin su iya taɓa juna. Idan uwar shafi ta yi haka, sannan ta ƙirƙiri firam, Internet Explorer ba ta gadar wa sabon daftarin sunan da aka rage, sai ta ɗauke shi baƙo ta hana uwar shafi shiga. Ga shi kuma ba za a iya gyara sunan daga waje ba, tunda an hana shiga. Mafitar da aka samu ita ce a ba firam adireshi mai farawa da javascript:, wanda zai gudana daga cikin firam ɗin, ya buɗe daftari, ya saita document.domain, ya rufe. Akwatunan rubutu irin su TinyMCE da CKEditor sun yi amfani da wannan dabara. Yanzu an yi watsi da document.domain ɗin kansa, kuma tun Chrome 115 ta shekarar 2023 saita shi ba ya yin tasiri sai shafi ya nemi hakan a fili.

Ta biyu ita ce gargaɗin da Internet Explorer 6 ke fitarwa a shafukan HTTPS, cewa shafin ya haɗa abu mai tsaro da marar tsaro, alhali laifin kawai firam ne da ba a ba shi adireshi ba. Wannan ne asalin javascript:false da ake yawan gani a matsayin adireshin firam. Ta uku ita ce rashin kiyaye jeri: a tsofaffin nau'o'inta, idan aka zuba fayil ɗin JavaScript na waje da kuma umarnin da ya dogara da shi a cikin write guda, na biyun na iya gudana kafin na farko ya iso. Kamfanonin talla sun kauce wa wannan ta hanyar ajiye rubutun a wani suna a jikin contentWindow, sannan su ba firam adireshin javascript: da zai dawo da rubutun, ta yadda burauza za ta karanta shi kamar cikakken shafi.

4.6 Maɓallin Komawa Baya

Tarihin da maɓallin komawa baya ke bi na haɗaka ne tsakanin uwar shafi da firam-firam ɗinta. Duk lokacin da aka sauya adireshin firam ɗin da ya riga ya lodu, an ƙara mataki ɗaya a tarihin. Shafin da ke sauya talla kowane minti ɗaya ta wannan hanya zai tara wa mai karatu matakai goma cikin minti goma, kuma sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya fita. Maganin shi ne amfani da location.replace a kan contentWindow, ko kuma a cire tsohon firam a kafa sabo, domin lodin farko na sabon firam maye gurbin about:blank yake yi, ba ya ƙara mataki.

A Internet Explorer da tsohuwar Firefox, shi kansa open yana iya ƙara mataki, shi ya sa ake rubuta open("text/html", "replace"). Abin sha'awa shi ne wasu sun mayar da wannan aibi abin amfani. Kafin zuwan pushState, kayan aiki irin su Really Simple History na Brad Neuberg sun riƙa amfani da ɓoyayyen firam da gangan domin su sa maɓallin komawa baya ya yi aiki a shafukan Ajax. A shekarar 2018 an sake fasalin bayanin open a ƙa'idar WHATWG. A sabon fasalin ba ya ƙara mataki a tarihi, kalmar replace ba ta da wani aiki, kuma ba a sake sabon window, wanda ke nufin sunayen da tsohon rubutu ya ajiye suna nan bayan an sake buɗe daftari. Wannan batu na ƙarshe yana da tasiri ga shafukan da ke nuna sakamakon umarni yayin da ɗalibi ke rubuta shi. Idan umarnin ya ayyana suna da let ko const, zubi na biyu a firam ɗaya zai gaza da ƙorafin cewa an riga an ayyana sunan, kuma agogon setInterval na zubin farko zai ci gaba da bugawa. A irin wannan aiki babu abin da ya kai kafa sabon firam a kowane zubi.

4.7 Layin DOCTYPE

Daftarin about:blank na farko yana cikin yanayin zane na da, wanda burauzoji suka riƙe domin shafukan da aka rubuta kafin a daidaita CSS. Saka DOCTYPE daga baya ta hanyar appendChild ba ya sauya wannan yanayi, domin sashen li'irabi ne kaɗai ke yanke hukuncin, a lokacin da yake karanta farkon rubutu. Saboda haka idan teburi ko tsayin akwati ya fita daban a cikin firam, abin da za a fara dubawa shi ne ko rubutun da aka miƙa wa write ya fara da <!DOCTYPE html>.

4.8 Sababbin Hanyoyi

Ƙa'idar HTML da kanta tana gargaɗi a kan amfani da document.write, kuma burauzoji sun rage masa ƙarfi. Fayil ɗin da aka loda da async ko defer, idan ya kira write a daftarin da ba a buɗe ba, watsi ake yi da kiran, domin kada ya share shafin baki ɗaya. Haka nan a Chrome 55 ta ƙarshen shekarar 2016, Google ya fara hana gudanar da fayilolin wasu gidaje da aka zuba ta write ga masu amfani da layin 2G. Sai dai wannan hani ya shafi uwar shafi ne kawai, bai shafi abin da ke cikin firam ba, kasancewar jinkirin firam ba ya hana sauran shafin bayyana.

Hanyar da aka tanada domin maye gurbinsa ita ce srcdoc, inda ake miƙa wa firam cikakken rubutun HTML a matsayin sifa:

firam.srcdoc = rubutu;

Chrome ta karɓe ta a shekarar 2012, Firefox a 2013, Edge kuma sai a 2020 bayan ta koma kan injin Chromium. Internet Explorer ba ta taɓa karɓar ta ba, wanda hakan ya sa write ya daɗe fiye da yadda ya kamata. Da srcdoc babu buɗewa babu rufewa, sanarwar load tana zuwa sau ɗaya bayan rubutun ya kammala, kuma daftarin yana cikin yanayin zane na zamani ko da ba a rubuta DOCTYPE ba. Abin da za a kiyaye shi ne lodin ba nan take yake ba. Wanda ya saita srcdoc ya nemi contentDocument a layi na gaba, about:blank na wucin gadi zai samu, ya faɗa cikin irin ramin da aka bayyana a 4.4. Har ila yau, daftarin srcdoc da na about:blank duk suna gadon dokar CSP ta uwar shafi, don haka idan uwar ta hana umarnin da aka rubuta a tsakiyar HTML, to an hana shi a firam ma.

Fa'idar srcdoc mafi girma tana bayyana ne idan rubutun da za a zuba daga hannun wani ya fito, kamar wasiƙar imel ko sharhin mai karatu. Rubutun da aka zuba da write yana da dukkan ikon uwar shafi, zai iya karanta bayanan shigar mai amfani ya aika wani wuri. Sifar sandbox tana killace firam ta ba shi tushe na daban, amma da zarar an yi haka uwar shafi ba za ta iya kiran write a kansa ba, sai dai srcdoc, sannan a riƙa magana da shi ta postMessage. Wasu kan ba firam izinin allow-scripts da allow-same-origin a tare domin su ci gaba da taɓa daftarin. A rubutun da ke tushe ɗaya da uwar shafi, wannan an gudu ne ba a tsira ba, domin umarnin da ke ciki zai iya miƙa hannu ya cire sifar sandbox ɗin daga firam ɗinsa.

Saura hanyoyi biyu su ne adireshin blob: da na data:. Na farko yana riƙe tushen shafin da ya ƙirƙire shi, amma gajerun adireshin hotuna da na CSS ba sa aiki a cikinsa sai an sa alamar base, kuma ana buƙatar sakin sa da revokeObjectURL bayan an gama domin kada ya ci gaba da cin ƙwaƙwalwa. Na biyu tushensa daban yake tun asali, don haka uwar shafi ba ta iya taɓa daftarinsa.

Adireshin data: yana da wani tarko da ya shafi rubutun Hausa kai tsaye. Da write ko srcdoc, haruffa suna isa firam a matsayinsu na haruffa, babu abin da ke samun su. Amma data: lambobi yake ɗauka, kuma idan ba a faɗi tsarin da aka bi wajen mayar da haruffa lambobi ba, burauza kan karanta su da tsarin windows-1252 na harsunan yammacin Turai. Harafin ƙ a tsarin UTF-8 lambobi biyu ne, C6 da 99, sai a nuna su a matsayin Æ™, harafin ɗ kuma ya koma É—. Rubutun Ingilishi zalla ba ya nuna wannan illa, don haka gwajin da aka yi da shi zai wuce lafiya. Gyaran shi ne a fara adireshin da data:text/html;charset=utf-8, ko a sa <meta charset="utf-8"> a farkon rubutun, kuma ya kyautu a yi haka ga blob: ma, musamman idan an killace firam ɗin da sandbox, domin a wannan hali ba ya gadon tsarin haruffan uwar shafi.